Adana Fina-finan Zane na Japan da ke kan Faifan DVD: Bayani a kan Kashi-kashi da Kusurwoyi

1. Gabatarwa

Wannan takarda bayani ce a kan yadda a ke adana fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda duniya ta sani da sunan anime, idan an same su a kan faifan DVD. Za mu fi mai da hankali ga irin faifan nan da ke ɗauke da kashi uku ko huɗu na dogon labari guda, wanda kuma aka shirya wasu wurarensa da fuska biyu, mai kallo ya zaɓi wadda ya ga dama. Irin wannan fuska ita masu sana'ar ke kira kusurwa.

Aikin adanawa iri biyu ne, kuma yawancin ɓarnar da a ke yi daga gwama su ta ke tasowa. Na fari shi ne ɗaukar kwafin faifai ɗungum, ba ragi ba ƙari. Na biyu shi ne sake matse hoton, domin a sami fayil ƙarami mai sauƙin ɗauka da nunawa a aji. Malamin da ya saba da littattafan da aka rubuta da hannu ya riga ya san wannan bambanci, gama kwafin da aka yi harafi da harafi daban ya ke da bugun da aka gyara saboda ɗalibai, kuma ba mai hankalin da zai yar da na farko don ya sami na biyu. Abin da mu ke son nunawa shi ne, ba a iya yin ko ɗaya daga cikin ayyukan nan daidai sai an fara karanta ginin faifan an gane shi.

2. Dalilin adanawa

An fara sayar da faifan DVD a Japan cikin watan Nuwamba na shekara ta 1996, a Amurka kuwa cikin 1997. Faɗinsa santimita 12 ne, kuma faranti biyu ne na roba aka manne da juna, kowane kaurinsa milimita 0.6, da wani siririn shafe na ƙarfe a tsakani, wanda ke mayar da hasken da ke karanta shi. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5. Zafi da laima suna iya sassauta mannen, iska ta shiga ta ci ƙarfen, ƙura kuma ta kan karce fuskar.

Ga kuma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Kamfanonin da suka fassara fina-finan nan suka buga su a Amurka, da yawansu sun daina aiki. Reshen Geneon na Amurka ya bar rarraba faifai cikin 2007, Central Park Media da ADV Films suka bi baya cikin 2009, Bandai Entertainment kuma ya daina fitar da sababbi cikin 2012. Lasisin fassara na 'yan shekaru ne. In ya ƙare, wanda ya saye shi daga baya ya kan sake fassara, wani lokaci har ya sake muryoyi, saboda haka akwai fassarorin da ba su da wani mazauni sai tsohon faifai. Dogara ga intanet ma ba ta fid da mutum, domin sa'ad da aka rufe dandalin kallo na Funimation cikin watan Afrilu na 2024, kwafin intanet da aka riƙa ba masu sayen faifai bai bi su zuwa Crunchyroll ba. Ga mai nazarin fassara asarar irin wannan faifai babba ce, gama ya kan haɗa muryar Japananci, da muryar Turanci, da rubutacciyar fassara, watau hanya biyu ta juya magana ɗaya, ga su a jere don kwatantawa. Wanda ya taɓa nazarin fina-finan Indiya da a ke sa wa muryar Hausa ya san darajar samun asali da juyi wuri guda.

3. Ginin faifan

Abin kallon da ke kan faifan duk yana cikin wata jaka mai suna VIDEO_TS, fayilolin ciki kuwa iri uku ne. Masu ƙarshen suna VOB su ne ke ɗauke da hoto da murya da rubutun fassara a cakuɗe, an kuma yanyanka su bisa ga girma, kowane bai wuce gigabayit 1 ba. Masu IFO su ne ke ɗauke da umarni. Masu BUP kuwa kwafin IFO ne kurum, don ko na farkon ya karce.

Sabon shiga ya kan ɗauka kowane VOB kashi guda ne na labari. Yankan VOB ba ruwansa da labari, yana iya faɗowa a tsakiyar magana. Tsarin labarin yana cikin IFO. A can ne aka rarraba hoton zuwa ƙananan yankuna, aka kuma rubuta wani jadawali, wanda za mu kira sarƙa, mai gaya wa na'ura ta nuna yanki kaza, sa'an nan ta tsallaka zuwa yanki kaza. Sarƙa ɗaya ko fiye ita ke zama shiri, watau abin da mai kallo ke zaɓa a allon farko, shiri kuma ya kasu babi-babi. Ƙa'idar DVD ta yarda da shiri har 99 a faifai guda, kowane shiri da layin murya har 8, da layin rubutu har 32, da kusurwa har 9. Abin lura shi ne, sarƙa biyu suna iya amfani da yanki guda, kamar yadda hanyoyi biyu kan bi ta gada ɗaya. Daga nan ne wahalar da za mu bayyana ta samo asali.

4. Kashi-kashi

Kashi guda na anime na talabijin ya kan kai wajen minti 24, kuma siffarsa ta kusa zama ɗaya ko'ina: waƙar buɗewa ta daƙiƙa 90, rabin farko na labari, ɗan hoton tsakiya inda talla ta ke shiga, rabi na biyu, waƙar rufewa ita ma wajen daƙiƙa 90, sa'an nan ɗanɗanon kashi mai zuwa. Labari na zango ɗaya kashi 12 ne ko 13, na zango biyu kuwa 24 zuwa 26, kamar Cowboy Bebop na 1998, mai kashi 26.

Masu shirya faifai suna da hanya uku ta jera kashi-kashi. A ta farko kowane kashi shirinsa daban, wannan ba ta da wuya. A ta biyu duka kashi huɗu suna cikin shiri ɗaya mai tsawon minti 96 ko kusa da haka, babi ne kaɗai ke raba su. Nan sai mai aiki ya ƙirga: in kowane kashi babi 5 ne, na farko ya kama daga 1 zuwa 5, na biyu daga 6 zuwa 10, haka har ƙarshe. Amma fa kada ya dogara ga lissafi kawai, gama wani kashi ya kan fara da guntun labari kafin waƙa, babinsa ya zama 6, lissafin duka ya goce. Tilas a duba farkon kowane babi da ido. A ta uku an haɗa biyun, akwai shiri mai nuna duka a jere, akwai kuma shiri ga kowane kashi, dukansu suna ɗiba daga yankuna guda, wanda bai lura ba sai ya matse abu ɗaya sau biyu. A wani faifan ma waƙar buɗewa sau ɗaya aka ajiye ta, sarƙa ce ke komowa gare ta a farkon kowane kashi, har wanda ya kwashi VOB kai tsaye ya ga kashi na biyu da na uku ba waƙa, ya zaci faifan ne ya lalace.

Har ila yau, lambar kashi ba ta isa ta bambance shi ba. Neon Genesis Evangelion, wanda aka nuna a talabijin daga 1995 zuwa 1996, kashinsa na 21 zuwa na 24 suna da siga biyu, ta talabijin da wadda aka faɗaɗa domin bidiyo. Mai adanawa sai ya tabbatar wace ce a hannunsa, ya kuma rubuta.

5. Kusurwoyi

An ƙago kusurwa ne domin abubuwa kamar wasan ƙwallo ko na mawaƙa, inda kyamarori da yawa suka ɗauki abu guda, mai kallo ya danna maɓalli ya koma daga wannan zuwa waccan ba tare da murya ta yanke ba. Masu buga anime suka juya ta ga wata bukata. A Amurka, Funimation ya yi suna wajen sa waƙar buɗewa da ta rufewa a kusurwa biyu, ɗaya da sunayen ma'aikata cikin rubutun Turanci, ɗaya da rubutun Japananci na asali. A Japan kuwa, faifan fina-finan Studio Ghibli su kan zo da zanen tsari, watau zanen fensir da a ke yi na kowane fage kafin a fara aiki, a matsayin kusurwa ta biyu, mutum ya riƙa kwatanta shi da fim ɗin da aka gama.

Domin na'ura ta iya sauyawa nan take, ba a ajiye kusurwa ta ɗaya gaba ɗaya sa'an nan ta biyu. Saƙa su a ke yi, guntun ta ɗaya, guntun ta biyu, guntun ta ɗaya, haka har wurin ya ƙare. Na'ura tana karanta guntayen wadda aka zaɓa, tana tsallake na ɗayar. To, wanda ya harhaɗa fayilolin VOB ya matse su ba tare da bin IFO ba, zai ga hoto yana tsalle, ya nuna sunaye da Turanci, ya koma baya ya maimaita wurin da Japananci, wani lokaci kuma murya ta rabu da hoto har ƙarshen kashi. Maganin wannan shi ne a yi aiki da manhaja mai karanta IFO, a gaya mata lambar kusurwar da a ke so. HandBrake, wadda aka fara cikin 2003, tana da gurbin zaɓen shiri, da na babi, da na kusurwa.

Saƙar nan tana da wani tsada. Iyakar abin da faifai ke ba hoto megabit 9.8 ne a daƙiƙa, amma inda aka saƙa kusurwoyi iyakar ta kan sauka zuwa wajen 8, saboda tsallaken da na'ura ke yi, alhali kuwa waƙar buɗewa ita ta fi ko'ina motsi. In an ga hoto ya ɗan dagule a nan, daga faifan ne, kuma sake matsewa ba ta mayar da abin da ba a ɗauka ba tun farko.

6. Kwafin asali

Aikin farko shi ne a kwafe faifan dukansa, ko a matsayin fayil guda na ISO, ko jakar VIDEO_TS da dukan abin da ke cikinta, har allon zaɓi da tallace-tallace. Faifan da ya yi datti a goge shi da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Wanda ya karce kuwa akwai manhajar GNU ddrescue, wadda ta kan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, kana ta komo ta yi ta gwada masu ciwo, tana rubuta inda ta kasa. In an gama a fitar wa kwafin da lambar shaida irin ta SHA-256, wadda ke sauyawa ko da ɗigo ɗaya ne ya canza a fayil, don a riƙa gwada ta lokaci-lokaci. Al'adar masu ajiya ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban.

Ba a gyara kome a wannan kwafi. Faifan Japan na 2002 na fim ɗin Hayao Miyazaki, Sen to Chihiro no Kamikakushi, ya jawo ƙorafi saboda launinsa ya yi ja-ja. Kwafin asali sai ya riƙe jan nan, domin shi ne shaidar abin da mutane suka saya suka gani a shekarar.

Akwai makulli biyu a hanya. Na ɗaya na shiyya ne: an raba ƙasashen duniya shiyya 6, Amurka da Kanada ta 1, Japan da Turai ta 2, yawancin Afirka har da Nijeriya da Nijar ta 5, kuma na'urar da aka ƙulle ga shiyya ɗaya ba ta karɓar faifan wata. Na biyu shi ne CSS, wanda ke dagula abin da ke kan faifai da mabuɗi mai bit 40. An ɓalle shi cikin 1999 da manhajar DeCSS, aka kai wani saurayi ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, gaban shari'a, kotu ta wanke shi cikin 2003. Amma sauƙin buɗe makulli bai halatta buɗe shi ba. Dokar Amurka ta 1998 ta hana, sai dai a kan duba ta kowace shekara uku a yi rangwame, kuma tun 2006 aka fara yarda wa malaman nazarin fim su ciri guntaye domin koyarwa. A Japan, daga watan Oktoba na 2012, ƙetare makullin ya saɓa wa doka ko da mutum don kansa zai yi kwafin. Saboda haka ɗakin karatu ya duba dokar ƙasarsa tukuna, ya kuma tsaya ga faifan da ya mallaka.

7. Sake matsewa

Hoton DVD an matse shi ne da tsohuwar dabara ta MPEG-2. Dabarun baya, watau H.264 ta 2003, da H.265 ta 2013, da AV1 ta 2018, suna iya ba da kusan wannan kyau a wuri kaɗan ƙwarai. Amma kowace matsewa tana zubar da wani abu wanda ba ya komowa, don haka kullum daga kwafin asali a ke matsewa. Akwai kuma hanya ta tsakiya: manhajar MakeMKV tana ciro kowane shiri ta zuba shi a fayil guda ba tare da ta taɓa hoton ba. Wanda ke da wurin ajiya isasshe, wannan ta ishe shi.

Babbar wahalar matse anime tana wajen ƙidayar hotuna. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Talabijin na Japan da Amurka kuwa yana nuna 29.97, kowane hoto an raba shi rabi biyu, layukan mara da layukan cika. Don a daidaita su sai a ɗan rage gudun fim zuwa 23.976, a ɗauki hoto huɗu, na farko a ba shi rabi biyu, na biyu rabi uku, na uku biyu, na huɗu uku. Jimla rabi 10 ke nan, watau hoton talabijin 5, biyu daga cikinsu gamin-gambiza ne na hotuna daban-daban. A allon kwamfuta waɗannan biyu su kan fito da zane-zane kamar haƙoran matsefi. Gyaran da ya dace shi ne a mayar da kowane rabi ga ɗan'uwansa, a yar da maimaicin, a koma 23.976. Wanda ya narkar da rabin biyu cikin juna kawai, zai kawar da haƙoran, amma layin zane zai dushe, motsi kuma ya riƙa ɗingishi.

A anime wannan gyara ya fi wuya, saboda tarihin sana'ar. Tun Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, wanda aka fara nunawa cikin 1963, masu zanen talabijin su kan yi tattali, zane 8 ko 12 a daƙiƙa, kowane a tsai da shi na hoto uku ko biyu. Manhaja sai ta rikice wajen bambance maimaicin da mai zane ya nufa da wanda injin talabijin ya ƙara. Bayan haka, shirye-shirye da yawa a kan bidiyo aka yanka su aka haɗa, tsarin biyu-uku ya karye a kowace mahaɗa, sunayen ma'aikata kuma su kan gangara da gudun talabijin a bisa zanen da ke gudun fim. Irin wannan kashi yana bukatar fayil mai yarda da gudu iri biyu, ko kuwa a bi shi fage-fage da AviSynth ko VapourSynth. Faifan Turai, mai ɗigo 720 sau 576 da hoto 25 a daƙiƙa, wani an ƙara masa gudu da wajen kashi 4 cikin 100, wani kuma daga bidiyon Japan aka juyo shi da hotuna narkakku waɗanda ba su warwaruwa sosai. In da zaɓi, gwamma na Japan ko na Amurka.

Sai siffar hoto. Ɗigo 720 sau 480 ne a faifan Japan da na Amurka, amma ɗigon ba murabba'i ba ne, wata alama ce ke gaya wa na'ura ta nuna shi 4:3 ko 16:9. In alamar ta ɓace, fuskoki su kumbura ko su tsuke. Game da launi kuma, anime yana da filaye masu launi ɗaya da sararin sama mai sauyawa sannu-sannu, wanda matsewa ta kan mai da shi hawa-hawa. Matsewa da zurfin launi na bit 10 tana rage wannan, x264 kuma tana da saiti na musamman domin zane. Amma a yi hattara da yawan tacewa, gama matatar da ke share ƙurar fim ta kan share siraran layuka tare da ita. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

8. Murya da rubutun fassara

Murya ba ta cin wuri sosai, saboda haka ba dalilin sake matse ta. Ta Dolby Digital a kwafe ta yadda ta ke. Faifan Japan da yawa suna da murya marar matsi, wadda a ke iya mayarwa FLAC ba tare da asarar kome ba. A riƙe dukan layuka, a sa wa kowane sunan harshensa.

Rubutun fassara na DVD hoto ne na haruffa, mai launi huɗu kacal. Ana iya ajiye shi haka nan, ana kuma iya sa manhajar gane haruffa ta mai da shi rubutu na sosai, irin na SRT ko ASS, wanda a ke iya bincikawa a ƙirga kalmominsa. Amma manhajar ta kan rikita babbar I da ƙaramar l, ta kuma ɓata sunayen Japanawa, sai mutum ya bi ya duba. Faifan Amurka sau da yawa layin Turanci biyu gare shi, ɗaya cikakkiyar fassarar maganar Japananci, ɗaya na alluna da waƙoƙi kaɗai domin mai jin muryar Turanci. Kada a ƙona ko ɗaya a jikin hoto, domin abin da aka ƙona ba ya ciruwa.

9. Mazubi da rajista

Mazubin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Matroska, wanda aka fara cikin 2002, domin yana ɗaukar layukan murya da rubutu da babi duka a fayil guda. Yana ma da dabarar da ta yi kama da sarƙar DVD, inda a ke ajiye waƙoƙi sau ɗaya, kowane kashi ya riƙa kiransu. Minti 3 sau 26 minti 78 ke nan, ragin ba kaɗan ba ne. Sai dai ba kowace na'ura ta san wannan dabara ba, kuma in fayil ɗin waƙa ya ɓace dukan kashi-kashi sun gutsure. Ga ɗakin karatu ya fi kyau kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, da kusurwar Japananci a ciki, a ajiye ɗaya kusurwar a ɗan fayil daban a gefensa.

Abu na ƙarshe shi ne rajista. Kowane fayil a rubuta masa sunan kamfanin da ya buga faifan, da shekara, da lambar faifan, da shiyya, da lambar shiri, da babin da aka fara da wanda aka tsaya, da kusurwa, da irin tacewar da aka yi, da manhajar da aka yi aiki da ita, da ranar aikin. Fayil ɗin da aka matse bugu ne wanda wani ya yi zaɓi a cikinsa, mai bincike kuwa ba ya iya kafa hujja da shi sai ya san zaɓin. Dabarun matsewa za su ci gaba da sauyawa kamar yadda suka sauya daga 2003 zuwa 2018, kuma wanda ya ajiye kwafin asali da rajistarsa yana iya sake aikin duk sa'ad da sabuwa ta zo, ko da faifan kansa ya riga ya daina karantuwa.